Rasuwar Gwaggo, Wadda Ta Riƙe Ƙofar Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da ba makawa, Ƙaramin Mai Zane yake sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da maƙwabtan shago rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar nan mai zama a teburin bakin taga. Ta rufe ido da hantsin Talatar da ta wuce, bayan doguwar jinya wadda ta jure ba tare da ta kwanta ko sau ɗaya ba. Washegari an yi ta tashinta, ba ta amsa ba.

Ga wanda sanarwar nan ta iske bai san gidan ba, shagon zanen gine-gine ne na wa da ƙane. Jama'a na kiran wan Babba, ƙanen kuma Ƙarami, ko da yake Ƙarami ya fi tumbi, furfura ma ta daɗe da yi masa sallama. Babba ya riga mu gidan gaskiya watannin baya, Allah Ya jiƙansa. Yana cikin aiki da safe, a kan kujerar da ke gaban Gwaggo, ya sulale ƙasa. Tun daga wannan rana ba wanda ya kashe ta, aikin da yake yi kuma yana nan buɗe a fuskarta yadda ya bar shi.

Babba ne ya raɗa mata suna, saboda halinta na gunaguni. In aka buɗe mata babban fayil sai ta ja dogon "hmmmm" daga can cikinta, irin na gwaggon da aka kai wa labarin da ba ta so, sannan ta yi "ƙir, ƙir, ƙas", sannan ta buɗe a lokacin da ta ga dama. Marigayiyar ba mai gaggawa ba ce. Mutum yakan danna abu, ya fita ya gaisa da tela na maƙwabta, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya tarar tana tunani. Amma duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da amana. Ba ta taɓa cinye aikin wani ba. Gidaje nawa ne suka tashi a cikinta kafin su tashi a ƙasa, shaguna nawa, ɗakunan haya nawa, har da wani bene da mai shi ya canza ra'ayi a kansa har Babba ya rantse ba zai ƙara zana bene ba, ya kuma zana. An zubar mata da shayi ta yafe. Ƙafarta ɗaya ta ɓalle aka tokare ta da kwali, ta zauna a haka shekara da shekaru ba ta ce uffan ba. Iskar da take fitarwa ta gefen hagu ɗumi gare ta, a nan Babba yake jingina kofinsa don kada ya huce, har zagayen gindin kofin ya zauna a katakon teburin.

Ta rasu ta bar allo guda mai tabo a kusurwa. Ta bar maus, wato linzaminta, wanda yatsan Babba ya yi wa ɗan kwarmi a maɓallin hagu, ta yadda yatsan wani ba ya zama daidai a wurin. Ta bar batirin ko-ta-kwana, wanda ya yi mata hidima iya ƙarfinsa, yana ta kukan "tit, tit, tit" duk lokacin da wuta ta ɗauke. Ta bar jika, wata 'yar kwamfuta mai naɗewa da Ƙarami ke aiki da ita, mai saurin tsiya da rashin kunya, wadda ba ta san a yi wa manya gyaran murya kafin a buɗe baki ba. Ta bar kujera, wadda ita ma tana cikin masu karɓar gaisuwa. Sannan ta bar fayil ɗaya da ya fi duk sauran nauyi, wato gidan Inna.

Inna mahaifiyarsu ce. Tana zaune a ɗakin sama a gidan da Ƙarami ke haya, gwiwa ta hana ta matakala, ido kuma ya yi rauni har ba ta gane mutum sai ya yi magana. Rabonta da ta taka ƙasa har ta manta. Saboda haka ne 'yan uwan biyu suka ɗaura niyyar gina mata gida na ƙasa, mai tsakar gida da za ta riƙa fita ta sha iska. Gini ya yi nisa, bango ya tashi ko'ina, sai ɗakin Inna kaɗai. Babba ya ce wa Magini ya dakata da shi, akwai ɗan gyaran da zai yi. Bai gaya wa kowa wane gyara ba ne, kuma bai kai ga yinsa ba.

Wajibi ne a bayyana wa masu makoki yadda aka gano ciwon, domin mutane da yawa sun yi ta tambaya.

Da aka share makoki, Ƙarami ya so ya faranta wa Inna rai. Tunda ba ta ganin zane, sai ya yi shawarar a buga mata ɗan ƙaramin gidan da roba, wanda za ta riƙe a cinya ta shafa ɗaki ɗaki. Bai iya zama a kujerar Yayansa Babba ba. A tsaye ya kwafi fayil ɗin, ya kawar da kai daga allon, ya kai wa Mai Inji, mutumin da ke da na'urar da ke fitar da siffar gini. Mai Inji mutum ne mai son raha. Tun a allonsa ya ga akwai matsala, amma ya buga a haka don ya samu abin dariya. Da Ƙarami ya dawo karɓa, sai ya miƙo masa tafin hannu da wani abu fari a tsakiya, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Ga gidanku, ranka ya daɗe. A yi hattara kada kaza ta gani."

Da ya dubi fuskar Ƙarami sai ya daina dariya. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗan uwa. Injina ba ya gardama, duk abin da aka ba shi matse shi yake yi ya shiga cikinsa. Akwatinku ya fi unguwar nan girma, gidan kuma ga shi a maƙale can kusurwa. Akwai wani abu a waje, nesa ƙwarai. Je ka nemo shi."

Wanda ba ya wannan sana'a ya sani cewa manhajar zane tana kewaye duk abin da ke cikin fayil da wani akwati na siraran layuka, daga abu na can ƙarshen hagu har na can ƙarshen dama. Akwatin iyaka ake ce masa. Ba ya ƙarya kuma ba ya mantuwa. Ko tsinke aka yar a bayan gari sai ya miƙa hannu ya rungumo shi. Ƙarami ya koma shago ya buɗe kwafin a 'yar jikar, ya danna maɓallin da ke nuna komai gaba ɗaya. Gidan ya tsuke, ya tsuke, ya zama ɗigo, sauran allon duk fili ne mai launin toka.

Ya fara da abin da kowa ke farawa da shi. Ya duba ko an haɗa mita da milimita, domin irin wannan kuskure yakan mayar da tukunyar fure ta fi masallaci girma. Ma'auni lafiya lau. Ya buɗe duk abin da aka ɓoye. A nan ya ci karo da jujin Yaya, har ya yi murmushi bai sani ba, domin Babba mutum ne da bai iya goge abu ba. Duk abin da bai yi masa ba sai ya ja shi gefe ya ajiye, wai wata rana zai yi amfani. Haka yake da tsofaffin takalma, haka yake da wayoyin caja, haka yake a cikin zane. A bayan gidan Inna akwai tarin tagogi a kwance, matakalar da ba ta zuwa ko'ina, tankin ruwa, bishiya a kife, da wata mota da ba wanda ya san abin da ya kawo ta. Ƙarami ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, kowanne sai ya ce "yi haƙuri, Yaya" a ransa. Akwatin ya ɗan ja jiki ta ɓangare uku. Kusurwa ɗaya ta ƙi, tana nan miƙe zuwa inda ido ba ya kaiwa.

Sai ya yi dabarar ƙarshe. Ya zagaye gidan gaba ɗaya ya ɓoye shi, ya ce wa manhajar ta zaɓo masa duk abin da ya rage. A ƙasan allon aka rubuta masa cewa abu ɗaya ne. Ya danna a kai shi wurin.

Ƙofa ce. Tana tsaye ita kaɗai a cikin fili, ba bango a gefenta, ba ƙasa a ƙarƙashinta, an ɗan buɗe ta kamar wani ya fita bai ja ta ba. Ƙarami ya juya allon ya leƙa bayanta. Babu komai, toka ce har iyakar gani. Tsakar rana ce, motoci na wucewa, tela na ta taka keke, amma tsigar jikinsa ta tashi har sai da ya waiwaya ya dubi kujerar da ke bakin taga.

Ya dawo da gidan, ya ɗaga rufin, ya leƙa ɗakin Inna, abin da bai yi ba tun ranar. Bango huɗu ne a rufe ruf. A irin wannan manhaja, in aka cire ƙofa bango yakan haɗe da kansa, ko tabo ba ya bari. Ga gadonta an zana, ga 'yar kujerarta, ba ta inda mutum zai shiga ko ya fita. Nan take ya tuna yadda aka tarar da maus a ranar, yana reto a bakin tebur da igiyarsa. Yaya ya ɗauki ƙofar ke nan zai matsar da ita, abin ya same shi, hannunsa ya share teburin ya tafi da ita can.

Gyaran akwatin aikin ƙiftawar ido ne, a jawo ƙofar a mayar da ita bango. Amma wane bango? Ba don a mayar da ita inda take Yaya ya ɗauke ta ba. Magini na jira, Inna na jira a sama, wanda ya san amsar kuma yana kwance a maƙabarta. Ƙarami bai gaya wa Inna ba. Ta ina zai fara cewa tsohuwa ɗakinta ba shi da ƙofa? Da ta tambayi ɗan gidan roba ya ce inji ya lalace. Da ta tambayi gini ya ce ana jiran kaya.

A nan ne marigayiyar ta nuna girmanta. Akwai maɓallin koma-baya, wanda ke warware abin da aka yi na ƙarshe, da ɗan uwansa na ci-gaba, mai mayar da shi. Kwafin fayil ba ya ɗauke da wannan tarihi. Yana zaune ne kawai a cikin kwamfutar da aka yi aikin, muddin ba a rufe ba, ba a kashe ba. Gwaggo kuwa ba a kashe ta ba. Wata safiya kafin maƙwabta su buɗe, Ƙarami ya daure ya zauna a kujerar, ya ɗora yatsa ya danna koma-baya sau ɗaya. Gwaggo ta ce "hmmmm". Bangon ɗakin Inna na wajen lungu ya tsage, ƙofar ta dawo ta zauna a mazauninta, kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

Ya daɗe yana kallonta. A cikin wannan allo, a wannan taku, Yaya bai faɗi ba tukuna.

Ya ci gaba da komawa baya har iyakar abin da Gwaggo ke iya tunawa, sannan ya fara dawowa gaba, taku taku. Sai ga aikin safiyar nan yana tashi a gabansa ba hannun kowa. Tagar kicin ta ɗaga sama kaɗan. Ta sauko. Ta sake ɗagawa, domin Yaya bai taɓa yarda da taga a karon farko ba. Famfon tsakar gida ya matsa inuwa. Wani layi ya fito a karkace, aka goge, aka sake ja a miƙe, Ƙarami har yana jin tsakin da ya biyo baya. Ya san inda Yaya zai kurɓi shayi, ya san inda zai sosa ƙeya. Sannan aka zo kan ƙofar Inna. Aka faɗaɗa ta. Aka ƙara faɗaɗa ta, fiye da kowace ƙofa a gidan, har ta fi ta zaure. Daga nan saura taku ɗaya, kuma Ƙarami ya san ko wanne ne. Ya janye hannunsa.

Da farko amsa ya zo nema, a yi masa wannan adalci. Ya ce ko tarihin zai nuna inda Yaya ya nufa da ƙofar. Bai nuna ba. Ya ja layi daga lungu zuwa inda ta faɗa, ko hanyar za ta yi nuni, sai ya ga layin ya ratsa ta bayan gida da tankin ruwa, ya gane hannun da ke faɗuwa ba ya bin shawara. Amma bai daina zuwa ba. Kowace safiya sai ya koma da Yaya baya ya taho da shi gaba, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya fara haɗa shayi kofi biyu. Yakan ce, "Yaya, ina za ka kai ta?" Gwaggo ta ce "ƙir, ƙir". Tela ya rantse wa mutane yana jin motsin mutum biyu ta bango. Wasu ranakun Ƙarami yakan tarar kibiyar maus ba inda ya bar ta ba, ta ɗan gusa wajen ƙofar. Aka ce masa manyan motoci ne ke girgiza teburin. Ya gyaɗa kai, amma ya daina barin kowa ya jingina da teburin.

Duk wannan lokaci jinya na cin Gwaggo. Fankarta ta fara tari. In ta ja "hmmmm" sai a ji wani "kar-kar-kar" a ƙarƙashi, kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Jikinta ya yi zafi har ba a iya barin hannu a kai. In wuta ta ɗauke batir ya fara "tit, tit", sai a ga Ƙarami da tumbinsa ya fita a guje zuwa janareto, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a bakin ƙofa. Ya daina zuwa biki, ya daina zuwa duba gini, duk inda zai yi nisa da soket ya daina zuwa. Aka kira Mai Gyara. Ya kara kunne a jikinta, ya shinshina, ya miƙe yana goge hannu.

"Malam, wannan tsohuwa a tsaye take barci. Zafin jikinta ne kawai ke riƙe da ita. Ranar da ta huce ba za ta tashi ba. In akwai abin da kake so a cikinta, ka kwashe yanzu."

"Abin da nake so ba ya kwasuwa," in ji Ƙarami.

Mai Gyara ya dube shi, ya dubi kofi biyu a kan tebur, ya tattara kayansa ya tafi.

Ba al'adar sanarwa ba ce a kawo zancen cikin gida, amma ba za a fahimci ranar ƙarshe ba sai da shi. Magini ne ya tona asiri, ba da mugun nufi ba. Ya gaji da jira, ya hau sama gaida Inna, cikin hira ya ce shi kam bai san ko ta rufi ake so ta riƙa shiga ɗakinta ba, tunda har yau an hana shi ƙofa. Inna ta sallame shi ya tafi. Da safiyar Talata ta yi wanka, ta yafa mayafi, ta sa aka kira Ƙarami, ta ce a kai ta shago. Ya fara kawo zancen gwiwa. Ta ce ba shawara ta nema ba. A kan kujerar roba aka sauko da ita, shi da Magini da wani maƙwabci, a kwanar matakala sai da aka karkata kujerar, ta riƙe hannunta gam ta rufe ido.

Aka zaunar da ita kusa da teburin. Ta miƙa hannu ta shafa Gwaggo, ta janye saboda zafi. Ƙarami ya durƙusa ya gaya mata komai, akwatin, ƙofar da ke can waje, ɗakin da ya rufe, da abin da yake yi kowace safiya. Ya ce abu ɗaya ne ya kasa ganewa, me ya sa Yaya ya faɗaɗa ta haka, kuma ina zai kai ta.

"Ni na sa shi," in ji Inna.

Gwaggo ta yi tari.

"Da safen nan na kira shi a waya. Na ce ya cire min ƙofar daga lungu, ya fitar da ita tsakar gida, ya kuma faɗaɗa ta. Ranar da aka fitar da babanku ina tsaye ina kallo. Sai da aka karkata makarar kafin ta wuce lungu, na ji ƙafarsa ta bugi bango. Har yau ina jin wannan ƙara. Na ce ni kada a yi min haka, a fitar da ni a miƙe. Yayanka ya yi dariya ya ce, Inna, ai da sauranki. Na ce kai dai yi abin da na sa ka." Ta gyara mayafi. "Ni na yi wa kaina shiri, sai aka zo aka ɗauke shi. Shi ya sa ka ga bakina bai iya tambayar ƙofar nan ba. Ku kuma ba ku saba tambayata ba, daga kai har shi, sai dai ku yi min abu ku kawo."

Ƙarami ya kifa kai a gefen teburin ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ta bar shi ya yi. Da ya lafa ta ce, "A ina ka tsayar da shi?"

"Saura taku ɗaya, Inna."

"Kullum a nan kake barinsa?"

"Kullum."

"Haba, Auta. Mutum da hannunsa a sama, wata da watanni? Ko kai aka yi wa haka ai ka gaji. Sake shi."

Ya ce ba zai iya ba. Ta lalubo hannunsa ta ɗora a kan maɓallin, ta ɗora nata a sama. Ba a san wanda ya danna a cikinsu ba, kuma iyali na roƙon kada a tambaya. Gwaggo ta ja "hmmmm" mafi tsawo da aka taɓa ji daga gare ta. Ƙofar ta ɓace daga lungu, bangon ya haɗe. Inna ba ta gani ba, amma ta ji hannun ɗanta ya saki, ta yi wa yayansa addu'a a hankali, Magini da ke bakin ƙofa ya cire hula ya amsa.

"Ita ma kashe ta ta huta," in ji Inna. "Ta yi mana ƙoƙari."

Ƙarami ya kashe ta da hannunsa, ta hanyar da ta dace, ba fizgar waya ba. Ta rufe abubuwanta ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, yadda ta saba. Allon ya yi baƙi. Fankar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai, "kar, kar... kar", sannan ta tsaya. Sai a lokacin aka gane cewa shekara da shekaru ba a taɓa jin shirun shagon nan ba. Bai yi daɗin ji ba.

Da rana Ƙarami ya buɗe kwafin a 'yar jikar, ya je can cikin toka ya ɗauko ƙofar, ya kawo ta bangon tsakar gida. Akwatin ya tattaro kansa ya rungume gidan cif, ba abin da ya rage a waje. Mai Inji ya buga shi a ranar, wannan karon ba raha. Inna ta ɗora shi a cinya, ta bi bango da yatsa har ta samu ƙofar, ta zura yatsu biyu suka wuce ba su taɓa gefe ba. Ta ce ya yi.

Game da jana'iza, ga abin da iyali suka tsayar. Mai Gyara ne zai ɗauki gawar ranar Juma'a da yamma, a lulluɓe da tsohon mayafin teburin. Ya ce fankar ba ta da sauran amfani, amma akwai sassa biyu ko uku da za su iya raya wata, iyali kuma sun amince, domin hali ne da marigayiyar za ta so. Allo da batir za su ci gaba da zama a shago. Maus ba ya cikin rabo, kada wanda ya tambaya. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce da waya, kowa ya sani. Wanda ya zo da addu'a a bakinsa kada ya koma da ita, ya yi wa Babba, ya haɗa da mahaifinsu.

Ba za a zauna karɓar gaisuwa a shago ba. Ranar Asabar da safe za a taru a wurin gini, inda Magini ya riga ya ɗaga bangon ɗakin Inna ya bar wurin a buɗe. Kafinta ya gama ƙofar. Ya yi ta mita a kan faɗinta, ya ce bai taɓa yi wa ɗakin kwana irinta ba. Katako ne mai nauyi, mota kuma ba ta shiga layin, don haka sai mutum huɗu sun ɗauko ta a kafaɗa daga bakin titi. Magini da Mai Gyara za su kama baya. Ƙarami zai kama gaba ta dama. Kusurwar gaba ta hagu ba ta da kowa, domin wanda ya saba kama wa Ƙarami ɗaya gefen kaya tun suna yara ba ya nan, kuma tsayinsu ɗaya ne. Ana roƙon duk wanda ya san kafaɗarsa ta kai ta Ƙarami ya zo da wuri. Inna za ta zauna a tsakar gida tana saurare, kuma ta ce kada a karkata ta.